Tambayoyinku: Koyon Karatu da Rubutun Japananci ta Wayar Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT. Wata biyu ke nan kullum ina kan Duolingo, na iya gaisuwa da ƙirga, amma da an cire mini haruffan boko sai in ga kamar ban taɓa koyon komai ba. Manhajar ce ba ta da kyau, ko laifina ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne, manhajar ma ba ta gaza ba. Matsalar ita ce waɗannan ƙananan haruffan boko da take ɗora miki a saman kowace kalma, waɗanda Japanawa ke kira romaji. Muddin suna nan, su idonki zai riƙa karantawa. Ki shiga saitin manhajar yau ɗin nan ki kashe su. Za ki sha wuya kwana uku ko huɗu, daga nan abin zai fara zama.

Japanawa da rubutu iri uku suke amfani, kuma sukan gauraya su a jimla ɗaya. Akwai hiragana mai haruffa 46, akwai katakana ita ma 46, wadda ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita, sai kanji da suka samo daga Sin. Na biyun farko kowane harafi gaɓa ce guda: か shi ne ka, き shi ne ki, く shi ne ku. Idan kina ɗaukar biyar a rana, cikin kwana goma kin gama hiragana.

Amma don Allah ki sayi littafin rubutu da biro. Taɓa amsa a fuskar waya gane harafi kawai yake koya miki, ba ya koya wa hannu komai. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ya rubuta da tawada ya wanke ya sake rubutawa ba ya saurin gushewa. Manhajar ta nuna miki yadda ake jan kowane layi, yawanci daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, ke kuma ki kwaikwaya a takarda. A nan ne kaɗai za ki raba シ da ツ, wato shi da tsu, domin a ido kamar tagwaye suke, alhali dogon layin na farko daga ƙasa ake jan sa zuwa sama, na biyun kuma daga sama zuwa ƙasa.

Wani abin farin ciki, kunnenki na Bahaushiya zai taimake ki ƙwarai. Wasulan Japanawa biyar ne kamar namu, kuma suna bambanta dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka. Suna kuma ninka baƙi kamar yadda muke raba daba da dabba. Da ƙaramin っ suke nuna wannan, aikinsa tamkar na shadda a ajami. Masu jin Turanci kaɗai sukan daɗe suna fama da waɗannan biyun.

Tambaya: Malam, ta yaya zan rubuta Japananci a wayata ta Android? Sai na sayi wata waya? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ko kusa, ɗan'uwa. Idan kana da Gboard, wato madannin rubutu na Google, shiga saitinsa, ka je wajen harsuna, ka ƙara Japananci. Zai ba ka zaɓi. Akwai na madannan boko da ka saba, inda za ka buga "yama" ya mayar maka やま, sannan ya jero maka 山 a sama ka zaɓa, ma'ana dutse. Akwai mai maɓallai 12 wanda ake goga yatsa sama ko ƙasa ko gefe, shi ne matasan Japan suka fi so. Akwai kuma na rubutu da yatsa, wanda yake da amfani idan ka ga kanjin da ba ka san yadda ake furta shi ba: ka zana shi, ka nemi ma'anarsa a ƙamus irin Jisho.

Ga abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Wayoyi da dama idan babu Japananci a jerin harsunansu, sukan nuna kanji da siffar rubutun Sinawa. Harafi kamar 直 fasalinsa ya bambanta tsakanin ƙasashen biyu. Ka shiga saitin wayar kanta, ka sa Japananci a matsayin harshe na biyu, don kada ka haddace siffar da ba ita ba.

Tambaya: An ce kanji sun haura dubu biyu. Anya waya za ta iya koya wa mutum wannan? Daga wani malamin makaranta a Kumasi.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Malam. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum yana da 2,136, kuma yaransu kan koyi 1,026 a shekaru shida na firamare. Saboda haka duk tallar da ta yi maka alkawarin gamawa a wata ɗaya, ka wuce ta.

Inda waya ta fi littafi shi ne tuni. AnkiDroid kyauta ce a Android, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana dawo maka da harafi daidai lokacin da ka kusa manta shi: wanda ka iya ta jinkirta shi, wanda ya ba ka wuya ta maimaita gobe. Na iPhone kuɗi ake biya. WaniKani, wani shafin koyon kanji, na da matakai 60, ukun farko kyauta, amma da Turanci take koyarwa, ka san da wannan.

Shawarata, ka riƙa koyon kanji a cikin kalma, kada ka haddace shi tsurarsa. Dubi 日曜日, ranar Lahadi: harafin farko da na ƙarshe ɗaya ne, amma na farko nichi ake karanta shi, na ƙarshe bi. Idan ka tara kamar ɗari biyu ko uku, ka fara leƙa NHK News Web Easy, inda ake rubuta labarai da sauƙaƙan kalmomi, da ƙananan hiragana a saman kowane kanji. Jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci kuma, wato JLPT, daga matakin N5 ake farawa zuwa N1, a watan Yuli da Disamba, sai dai wasu ƙasashen sau ɗaya suke yi a shekara, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancin Japan da ke Accra kafin ka tsara lokacinka.