Tambaya da Amsa: Karatu da aiki sun danne ni a Amurka

Tambaya: Salam Anti, ina kwalejin nan ta shekara 2 a unguwar Bronx ta New York, da rana aji da dare aiki, wallahi barci ya ƙaurace min, sai in zauna a jirgin ƙasa hawaye na zuba ba dalili kuma kunyar gaya wa Umma nake.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu. Wannan ba raunin imani ba ne fa, damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi. Gobe ki nemi ofishin masu ba ɗalibai shawara a makarantarku, yawanci kyauta ne kuma suna riƙe sirri. In abin ya taso miki cikin dare ki kira 988, lambar wayar taimakon masu damuwa a Amurka, tun 2022 layin ke aiki ba dare ba rana. Umma kuwa ki gaya mata ko kaɗan ne, tuni ta ji a muryarki.