Robobi sun cika mini bayan shago: in ƙone su ko in rabar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'yar ƙaramar sana'ar haɗa sabulun ruwa da na wanke bayi. Kayan haɗin suna zuwa mini a jarkoki masu lita 25 da bokitai masu murfi, wani lokaci har da durom. Da sun ƙare sai in jibge su a bayan shago. Yanzu sun tare hanya, mai gidan ma ya fara magana. Maƙwabta suna roƙona in ba su su riƙa zuba ruwa, yaron shagona kuma ya ce mu banka musu wuta kowa ya huta. A cikinsu akwai wasu jarkokin maganin ƙwari da ƙanina mai aikin feshi ya ajiye a wurina. Me kake ganin ya fi?

Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Maganar wutar nan a bar ta tun yanzu. Wuta a fili ba ta cinye roba gaba ɗaya, sai dai ta mai da ita baƙin hayaƙi da ke shiga ƙirjinki da na yaran maƙwabta. In kuwa aka samu robar PVC, wato irin wadda ake bututun ruwa da ita, a cikin tarin, tana fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da idanu, tare da gubar da ake kira dayoksin, wadda take daɗewa a ƙasa da jikin mutum. Ga ragowar sinadaran da ke gindin jarkokin, su ma duk sama za su yi. Kuma ƙonawar asara ce, domin mafi yawan kayan nan da kika lissafa suna da masu saye.

Kafin ki nemi mai saye, ki ware su. Abin da za ki duba wajen warewar shi ne me kowace ta taɓa ɗauka, girmanta ko kyanta ba shi ne abin lura ba.

Na fara da jarkokin ƙaninki, don su suka fi tayar mini da hankali. Roba tana shan abin da aka zuba mata. Ke kanki kin san jarkar da ta ɗauki turaren sabulu, ko sau nawa aka wanke ta ƙamshin yana nan. To haka maganin ƙwari yake kama jikinta, sai dai shi ba lallai hanci ya ji shi ba. Duk wanda kika ba irin wannan jarka, ko ya rantse miki cewa fure zai shuka a ciki, ba ki da tabbacin inda za ta ƙare. Yau tana hannunsa, gobe an ara, jibi yaro ya ɗebo ruwan sha da ita. A shekarar 2008 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da ƙa'idoji kan irin waɗannan mazubai, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a ɗauraye sau uku sannan a huda. Ki kira ƙanin naki ya zo da safar hannu. Ya zuba ruwa kamar kwatan jarkar, ya rufe, ya girgiza sosai, ya juye ruwan a tankin feshinsa. Kada ya zuba a kwata, kada ya zuba kusa da rijiya. In ya yi haka sau uku, sai ya fasa gindin kowace yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba. Daga nan ya tambayi dilan da ya sayar masa ko suna karɓa, ko ya nemi hukumar muhalli ta yankinku. Kada su shiga cikin kayan da za ki sayar a matsayin jarka.

Kayanki na sabulu su ma ba ɗaya suke ba. Wanda ya ɗauki kostik soda, ko asid, ko bilic, ko fomalin, ba na ruwan sha ba ne ko da an wanke shi. Ki sa fenti ki rubuta hakan a jikinsa da manyan baƙaƙe. Wajen ɗaurayar ma ki kula: ruwan da ya fito daga jarkar bilic kada ya haɗu da na jarkar asid a bokiti ɗaya, domin haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai sarƙe numfashi. Ki yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa. Maƙwabtan da ke roƙo kuma ki gaya musu gaskiya cewa roƙonsu bai fi ƙarfinki ba, lafiyarsu kike ji. Gara su ji haushinki na kwana biyu.

Sai maganar kuɗi. Ki fara da wanda yake kawo miki kayan. Dillalai da yawa suna karɓar durom da jarkokinsu in suna da lafiya, su rage wa mutum wani abu a sayayya ta gaba, tunda su ma saye suke yi. Wannan ita ce hanyar da na fi so, saboda jarkar sinadari ta koma ta sake ɗaukar irin sinadarin da ta saba. In bai karɓa ba, ki duba masu sana'ar da ba ta shafi ci da sha ba: magina, masu fenti, kanikawa masu tara baƙin mai, har da 'yan'uwanki masu haɗa sabulu da suke farawa. Jarka mai murfinta, wadda ba ta tsage ba, ta fi daraja nesa ba kusa ba a kan wadda za a ɗora a sikeli. Don haka ki hana yaronki yar da murafe. Ki kuma ɓare takardar kamfani da ke jiki, musamman in akwai masu ɗauke da sunan sana'arki, kada wani ya cika su da jabu ya ɓata miki suna.

Waɗanda suka fashe ne za su tafi wurin 'yan jari-bola da masu niƙa roba. Ki kifa kowace ki duba gindinta, za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. Masana'antun roba na Amurka ne suka fito da tsarin a 1988. Yawancin jarkoki da durom lamba 2 ne, wato irin robar da ake kira HDPE. Bokitai kuwa 2 ne ko 5, ita 5 ɗin ita ake kira PP. Gorunan nan masu garai-garai su ne lamba 1. Waɗannan ukun su suka fi samun masu saye. Lamba 3, wato PVC, da 6 da 7 ba kowa ke karɓa ba. In alamar ta goge, ki yanki ɗan guntu ki jefa a ruwa: na 2 da na 5 suna tasowa, na 1 da na 3 suna nitsewa. Mai niƙa yana narkar da kowane iri daban, shi ya sa kayan da aka ware, aka wanke, aka raba farare da masu launi suka fi farashi a kilo. Ki tara su da yawa kafin ki kira shi, ki kuma ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ki sallama. Rahoton 2022 na OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya, kuma gauraya da datti suna cikin abin da ke jawo haka.

Kafin mai saye ya zo, ki kife su ko ki rufe kowace da murfinta, ki kai su inuwa. Rana tana busar da roba har ta riƙa karyewa, ruwan da ya kwanta a buɗaɗɗen bokiti kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ya isa ya ƙyanƙyashe sauro, har da irin mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Ki jera bokitan wani cikin wani, jarkokin kuma ki zura igiya ta hannayensu ki rataye. Wannan kaɗai zai buɗe hanya, mai gidan ya samu natsuwa. A sayayya ta gaba kuma, kafin ki biya, ki daidaita da dilanki cewa ranar da ya kawo cikakku zai tafi da waɗanda suka ƙare.