Kurkum da abokan tafiyarsa

Ɗiyata, saƙonki ya same ni ina tankaɗe, sai da na wanke hannu na zauna. Kin ce a Yawunde ƙawayenki suna kaɗa kurkum a ruwan ɗumi su sha da sassafe saboda ciwon gaɓoɓi. Kina tambaya ko abin da marigayiya Inna take yi nan Garwa, ta narka man shanu ta zuba kurkum da masoro kafin ta juye a kunu, al'ada ce kawai ko da dalili.

Da dalili mana. Allah ya jiƙan Inna, ba ta san sunan abin ba, amma hannunta ya sani. Ni ma sai da na daɗe a aikin jinya na gane.

Sinadarin da ake nema a kurkum, wanda wasu ke cewa gangamau, sunansa kurkumin. Kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 3 cikin 100 na garin. Kuma ba ya jituwa da ruwa. Gwada ki gani: zuba cokali ɗaya na garin a kofin ruwa ki bari ya huta, zai kwanta a ƙasa kamar laka. Zuba shi a man shanu mai ɗumi kuwa, nan take man zai rine ya yi rawaya sosai. Hanji ma haka yake karɓarsa, ta cikin maiƙo. Ɗan abin da ya samu ya shiga jini, hanta takan yi maza ta sarrafa shi ta kore shi waje.

Nan masoro yake shigowa. Yana da wani sinadari, fiferin, mai rage wa hanta wannan gaggawa. A 1998 likitoci a Bangalor ta Indiya sun ba mutane gram 2 na kurkumin tare da miligram 20 na fiferin, abin da ya kai jini ya ninka wajen sau 20. Ɗan masoron da yatsu biyu za su tsinta ya isa, ba a cika hannu. Masoronmu na kasuwa yana yi, na Penja da ake nomawa can kudu ma yana yi, in aljihunki zai ɗauka.

Inna takan sauke wuta ƙasa tukuna. Man ya narke, kada ya yi hayaƙi, ta zuba kurkum rabin ƙaramin cokali da ɗan masoro ta juya sau kaɗan, ƙamshi na tashi ta sauke. In babu man shanu, madarar shanu mai maiƙo ko kunun gyaɗa ya wadatar. Na dilkar amare dai wani zance ne, wannan fata ake shafa wa, ba ruwansa da masoro.

Sai dai ki ja kunnen ƙawayen nan naki game da ƙwayoyin kurkum na kwalba. An tattara sinadarin da yawa a ciki, an ƙara fiferin, kuma an samu waɗanda suka jawo wa ciwon hanta. Mai shan maganin tsinka jini, mai tsakuwa a matsarmama, mai juna biyu, kada su wuce na miya sai likita ya yarda. Fiferin yana taɓa yadda jiki ke sarrafa wasu magungunan asibiti ma.

Kuma ki sayi saiwar ki daka da kanki, garin ƙulli ana yi masa algus. In mai zuwa ya samu zan aiko miki da man shanu. Ki gaida maigidanki da yara.