Muryar Yaya kan albasar da ke yaushi cikin ruwa

Salamu alaikum 'yan gurup. To ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce albasarka tana yaushi alhali fangali cike yake da ruwa, wai wane magani za ka sayo a kasuwar Tawa. Aje kuɗinka. Ruwan ne ya yi mata yawa.

Saiwa fa ba tsumma ba ce da za ta jiƙe haka kawai. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Sai Allah ya yi mishi 'yan ƙofofi na furotin, akwaforin ake ce musu. Wani likitan Amurka, Peter Agre, ya gano su a 1992 cikin jinin mutum, a'a, cikin jajayen ƙwayoyin jini zan ce, har aka ba shi kyautar Nobel a 2003. Na tsiro kuwa 1993 aka tabbatar da su.

Ƙofofin nan buɗewa suke, rufewa suke. In ruwa ya kwanta, iska ta ƙare cikin ƙasa, saiwa ta shaƙe, cikin ƙwayar ya yi tsami, sai ƙofa ta rufe ruf. Ga ruwa har wuya, ganye na kukan ƙishirwa. Gishiri ma yana rufe su.

Abin da na sha fama da shi ke nan da wani maƙwabcina a garka, can wajen Galmi. Mutumin nan ya bar moton ban-ruwa ya kwana yana aiki, isansi na ƙonewa, ruwa ya ɓalle ya malalo mini. Na yi magana, wai karatun lakkwal ne ke damuna, tun kakansa suke noman albasa. Kakan naka da moto ya yi ban-ruwa? Da guga ya yi! Har yau ko haƙuri bai ba ni ba. Kai, a bar zancen.

Ina nake? Yauwa, ganye. In ruwa bai hau ba, ramukan ganye su ma sai su rufe, iskar kabon ba ta shiga. Wasu akwaforin ɗin ma har ita suke ratsarwa, a tsiron taba aka nuna haka. Ba kabon, ba abinci, albasa ba ta yin kai.

Ka fasa bakin fangali ruwan ya fita, ka kashe moto kwana biyu. Ka tuge guda ɗaya, in saiwar fara ce za ta farfaɗo. In ta yi baƙi tana wari, turo mini hoto tukuna.