Babu rabin furoton: amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan atom

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce an koya muku cewa atom ne mafi ƙanƙantar abu, ba ya rabuwa, sai kuma aka dawo aka ce a cikinsa akwai furoton da niyutiron da ilektiron. Sannan kin ga an rubuta nauyin kulorin 35.5, kina tambaya ko akwai rabin furoton ne. Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma duk shekara sai na haɗu da wannan ruɗanin, don haka ki kwantar da hankalinki. Tambayar mai tunani ce.

Sunan ne ya fara rikita mutane. Kalmar atom daga Girkanci take, ma'anarta abin da ba ya yankuwa, kuma a haka John Dalton ya ɗauke shi a farkon ƙarni na 19. A 1897 J.J. Thomson ya gano ilektiron a Cambridge, aka tabbatar akwai abin da ya fi atom ƙanƙanta, amma suna ya riga ya bi shi. Abin da ya rage gaskiya shi ne: atom ne mafi ƙanƙantar yanki da zai ci gaba da amsa sunan sinadarinsa. In kin yi ta gutsura zinariya har kika kai ƙwaya ɗaya, zinariya ce. In kika fasa wannan ƙwayar, abin da ke hannunki ya tashi daga zinariya.

Gwajin da na fi son ba ɗalibai labarinsa shi ne na Manchester a Ingila. A 1909 Geiger da Marsden, a ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka riƙa harba wasu ƙwayoyi masu caji da ake kira alfa a kan fallen zinariya siriri ƙwarai. Kusan dukkansu suka ratsa suka wuce kamar babu komai a gabansu. 'Yan ƙalilan suka karkace, wasu ma suka dawo baya. Rutherford ya daɗe yana juya abin a ransa, sai a 1911 ya fito da bayani: nauyin atom kusan gaba ɗaya a dunƙule yake a wata 'yar cibiya a tsakiya, sauran duk fili ne.

A nan zanen littafi yake cutar ɗalibai. Ana zana cibiyar ƙatuwa, da ilektiron a maƙale kusa da ita. Ni gero nake shiga aji da shi. In ɗauki ƙwaya ɗaya in ce, in wannan ce cibiyar haidirojin, to faɗin atom ɗin zai haura mita 100. Ki ƙaddara ƙwayar gero ɗaya a tsakiyar filin Idi, ba kowa a filin. Duk da haka fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin yana cikin wannan ƙwayar, domin furoton ɗaya ya ninka ilektiron nauyi kusan sau 1836.

To ga yadda nake so ki riƙe su. Furoton shi ne sunan yanka. Yana cibiya, cajinsa mai alamar tarawa ne, irin wadda kike gani a kan batir. Mai furoton 1 haidirojin ne, mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 17 kulorin, mai 79 zinariya. Wannan adadin ake kira lambar atom, kuma da shi aka jera jadawalin sinadarai. In ya canja, sinadarin ya zama wani.

Ilektiron kuwa shi ne hali. Yana daga waje, cajinsa mai alamar ɗebewa, shi ne mai shige da fice. In kin goga biro a gashinki lokacin hunturu ya ɗauki gutsuren takarda, ko kika ga tartsatsi daga bargo cikin duhu, ilektiron ne suka yi ƙaura daga wani jiki zuwa wani. Dubi gishirin miya ma. Sodiyam na da ilektiron 11, a jere 2, 8, 1. Kulorin na da 17, a jere 2, 8, 7. Sodiyam ya miƙa ɗayan nan na waje, kulorin ya karɓa ya cike takwas. Sodiyam, ƙarfen da ake adanawa cikin kananzir don kada ya taɓa ruwa, da kulorin, iska mai guba, sun haɗu sun zama abin da muke zubawa a tukunya kullum, kuma cibiyoyinsu ko motsi ba su yi ba. Jerin 2, 8 ɗin daga tsarin Niels Bohr na 1913 ya samo asali. Zai wadatar da ke a jarrabawar WAEC da NECO, amma in kin je jami'a za a nuna miki ilektiron ba layi yake bi kamar mota a shataletale ba, yanki ne kawai ake iya nunawa inda aka fi sa ran samunsa.

Yanzu ga 35.5 ɗinki. Niyutiron ba shi da caji, shi ya sa ya yi wuyar ganowa har sai 1932 da James Chadwick ya tabbatar da shi. Yana cibiya tare da furoton, nauyinsu kusan ɗaya. Furoton da niyutiron in aka haɗa su ne lambar nauyi. Kowane atom na kulorin furoton 17 gare shi, amma wani na da niyutiron 18, nauyinsa 35, wani na da 20, nauyinsa 37. 'Yan gida ɗaya ne, suna ɗaya, hali ɗaya, wani ya ɗan fi wani nauyi. Su ake kira aisotof. A cikin kowane huɗu, kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37. Ɗauki biro ki yi da kanki: 35 sau uku 105, ki ƙara 37 ya zama 142, ki raba gida huɗu. Kin ga 35.5 ta fito. Matsakaicin nauyin taron ne, babu atom ɗin kulorin ko ɗaya mai nauyin 35.5.

Kada ki raina bambancin niyutiron biyu ko uku. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar duk furoton 92 gare shi. Mafi yawansa mai nauyin 238 ne, mai 235 bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, amma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke saurin tsagewa, shi ake tacewa a ƙara yawansa don tashoshin lantarki na nukiliya.

A jarrabawa, inda na fi ganin ana zubar da maki shi ne neman adadin niyutiron. Ki cire lambar atom daga lambar nauyi, kada ki taɓa 35.5 a wannan lissafin. Gwada da sodiyam mai nauyin 23 da kabon mai nauyin 14, ki turo amsarki nan in duba miki. Allah Ya ba da sa'a.