Amsar Baffa a kan maganar Auta

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso. Da farko dariya ya ba ni, don ban zaci zan ga ranar da ɗan jami'a zai tambayi tsohon malamin firamare ko al'ada ta yarda a je asibiti ba. Da na kai ƙarshensa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce Auta takan fi awa guda tana alwala tana sakewa, hannayenta duk sun tsattsage, kafin ta iya tayar da sallar asuba rana ta kusa fitowa. Ka ce iyayenku mata sun ce a tsaya ga turare da ruƙiyya, wai ba a kai yarinyar da aka sa wa rana asibitin ƙwaƙwalwa. Kana son sanin ko haka gidanmu ya gada, da kuma ko dole ne a gaya wa dangin mijin.

Kai ba ka san Yaya Babba ba, kana goye ya rasu. Shekarar fari, 1973, lokacin nan duk jihar Kano muke, ba a yi Jigawa ba sai 1991, ya dawo daga karatun gabas yana saurayi, ya haddace, ga ladabi. Rijiyar garin nan ta ja baya, ka zura guga sai ya fito da rabin laka. Kakarku da sauran mata tun assalatu suke fita da tulu zuwa wata rijiya can bayan fadama, ba sa dawowa sai hantsi. Wata ranar Juma'a Malam, mahaifinmu, ya leƙa randa zai ɗebi na wanka, ya tarar babu ko ɗigo. Ya zagaya bayan rumbu, sai ga Yaya a tsugune, ƙasa ta jiƙe sharkaf a gabansa har kaji sun taru suna sha, yana ta cuɗa gwiwar hannu ɗaya. Malam ya fizge butar ya yi jifa da ita. Ina tsaye riƙe da igiyar akuya, ina jiran Yaya ya ba da haƙuri, sai kawai ya fashe da kuka, gardi da gemunsa. Ya ce, "Malam, wallahi ni ma na san na wanke. Na sani. Zuciyar ce ta ƙi yarda."

Daren nan gida ya rabu. Kakarmu ta ce iska ce, a kira masu garaya a yi girka. Malam ya ce ba a gidansa ba. Wani kawunmu ya kawo maganar mari, wai karatu ne ya taɓa shi. Allah ya sa tsohon limamin garin ya ji labari, ya aiko a tura masa yaron. Abin da ya yi masa ba rubutu ba ne, ba hayaƙi ba. Ya samo 'yar ƙaramar buta, kowace salla shi da kansa zai zuba ruwa rabi, ya tsaya a kansa, ya ce in ya ƙare ya ƙare, in akwai laifi yana wuyana. A sahu kuma gefensa yake tsayar da shi. Na ga Yaya da idona yana rawar jiki, gumi na zuba cikin sanyin hunturu, ya yunƙura zai yanke salla ya sake niyya, tsoho ya damƙe masa gefen riga bai saki ba har aka yi sallama. Yakan ce masa, "Waswasi baƙo ne, in ka shimfiɗa masa tabarma kwana zai yi." Ya buɗe masa Risala ya nuna masa inda aka ce wanda shakka ta aure shi ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai dai ya yi ba'adi. Kafin damina ta kama Yaya ya dawo mutum.

Da labarin ya tsaya a nan da na ce maka ku nemi malami ku huta. Bai tsaya ba. Liman ya rasu, abin ya dawo ta wata ƙofa. Bayan ya yi aure sai ya shiga zargin ko ya saki matarsa a zuci, ko tarin da ya yi ɗazu saki ne. Babu malamin da bai je wa da tambayar nan ba a ƙasar Kazaure, a ba shi amsa yau, gobe ya koma. Baiwar Allah ta yi haƙuri har ta gaji ta tafi. Haka ya rayu. Mutane suna cewa tsoron Allah ne ya yi masa yawa, shi kuwa azaba yake sha.

Sai da na yi ritaya wani yaro da na koyar a aji huɗu, wanda yanzu ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, ya zo gaishe ni, hira ta kai mu kan Yaya. Ya ce ai ciwo ne sananne, likitoci suna ce masa OCD, yana samun kamar mutum ɗaya zuwa biyu a cikin ɗari, kuma galibi da ƙuruciya yake farawa. Wani wanke hannu ne nasa, wani duba ƙofa, wani mugun tunani ne ke faɗo masa wanda shi kansa yake ƙyama. Ya ce magani iri biyu ne. Akwai ƙwaya, irin su fluoxetine, wadda ba ta nuna aikinta sosai sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha, kuma ba a daina ta kwatsam sai da izinin likita. Akwai kuma zama da masani, a riƙa sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, a hana shi maimaitawa, har fargabar ta sauka da kanta. Na ce masa ai wannan butar liman ce. Ya yi dariya ya ce ita ce, sai dai su suna da tsari, suna bibiya, in ya dawo sun san abin yi.

To ka ga al'adar da kake tambaya. Mahaifinmu yakan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma daga bakinsa na fara jin hadisin nan cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Da hawan jini ya kama babarka wa ya ce a tsaya ga turare? Mai ciwon suga ma layi yake bi a asibiti da katinsa a hannu, ba kunya. Sai an zo kan ƙwaƙwalwa kowa ya fara raɗa. Ban hana addu'a ba, ku yi, ita ma ta yi azkar ɗinta. Amma ni waɗannan masu ruƙiyyar zamani da lasifika da jarkokin magani a bayan mota ban gane musu ba. Yarinyar da take zargin kanta dare da rana, ka ce mata aljani ne a jikinta, me ka ƙara mata? Kuma ka tuna abin da aka gano a gidajen mari a 2019, a Kaduna da Katsina da Kano, mutane cikin sarƙa.

Ku 'yan boko ma ba ku tsira a wurina ba. Kar in ji ka duba waya ka je kyamis ka sayo mata ƙwaya. Likita ne zai gan ta, ya tambaye ta, ya duba ko akwai wani ciwon tare da wannan. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure yana kusa da mu, ga na Dawanau, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano in ta fi son inda ake ganin kowane irin mara lafiya. Mafi yawa ba kwantar da su ake ba, a duba su ne su dawo gida. Ka sa matarka ta zauna da ita su biyu ta tambaye ta a hankali ko akwai tunanin da take jin tsoron faɗa. Sahabbai ma sun kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan kukan, ya ce musu wannan tsantsar imani ne. In kuwa ta taɓa cewa ta gaji da rayuwa, kar ku kwana ba ku tafi ba. Ku daina yi mata tsawa, ku kuma daina amsa mata "e, kin wanke" sau goma, duka biyun ƙara abin suke.

Batun dangin miji kuwa, kakarmu takan ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ita ɗin ce kuma take cewa ba kowace magana ake kaiwa bakin rijiya ba. Yaron da zai zauna da ita daban, gwaggonninsa daban, kuma ita Auta tana da bakin magana a ciki. Wannan ba ta waya ba ce. Ka fara kai ta likita ya gan ta, in ka zo ranar kasuwa mu zauna da babanka. Iyayenku mata ka bar ni da su, gobe bayan la'asar zan shiga cikin gidan.