Amsa: garin kulorin ya zube a ɗakin ajiya

Malam, ka ce kulorin na wurin ninkaya ya zube kusa da jarkar asid. Kafin komai, fitar da yara, buɗe ƙofa da tagogi. Kada kulorin da asid ɗin su haɗu ko kaɗan, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Sa safar hannu ta roba da tabarau, ka kwashe garin a bushe cikin bokiti mai tsabta. Kar ka mayar cikin mazubinsa. Ban da tsumma ko dusar katako, domin da ɗan danshi sai ka ga hayaƙi, har wuta. Sai ka gama kwashewa tukuna ka wanke wurin da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, yi ta kwara ruwa minti 15, sannan asibiti.